Takardar Koke Kan Tsatsar da ke Cin Gadojin Ƙarfe a Kano

Daga:
Masu walda, masu haɗa ƙarfe da masu feshin fenti
na rukunin masana'antun Sharada, Challawa da Bompai, Kano.

Zuwa ga:
Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Gidan Gwamnati, Kano.

Ta hannun:
Mai Girma Kwamishinan Ayyuka na Jihar Kano.



Ranka ya daɗe,

KOKE KAN YADDA AKE KAFA ƘARFE BABU KARIYA, DA ROƘON A WAJABTA YI MASA FENTI A MASANA'ANTA KAFIN A KAFA SHI

Mu da muka sa hannu a ƙarshen wannan takarda mutane ne masu cin abinci da ƙarfe. A cikinmu akwai masu walda, akwai masu yanka faranti da lanƙwasa shi, akwai masu kankare ƙarfe da feshin fenti, akwai kuma yaranmu masu koyon aiki. Hannun irinmu ne ke haɗa matakalar gadar tsallaka titi, da makarin gefen gadar sama, da ƙananan gadojin da ke kan magudanan ruwa, da hasumiyar tankin ruwa. Idan aikin ya yi kyau ba a tuna mu, idan ya ruɓe kuwa sai a ce aikin mai walda ne. Wannan ya sa muka ga shiru ba namu ba ne.

Kokenmu guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. An saba kafa ƙarfe tsirara, sai an gama ɗaure shi a sama sannan a kira mai fenti ya shafe shi a bakin titi, cikin ƙura da rana, galibi ana gobe bikin buɗewa. Muna roƙon gwamnati ta rubuta a cikin kowace kwangila cewa duk ƙarfen da zai ɗauki mutane ko motoci sai an kankare shi, an fesa masa fenti, an auna kaurin fentin a cikin masana'anta, ƙarƙashin rufi, kafin a loda shi a mota. Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane.

YADDA TSATSA KE SHIGA

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a jikinsa. Gishiri da sinadarai masu tsami kuwa suna ƙara wa abin gudu. Sabon ƙarfe yana fitowa daga injin murza shi da wani baƙin ɓawo mai sheƙi, wanda mai kallo zai ɗauka kariya ce. Wannan ɓawon yana tsagewa idan ƙarfe ya sha zafin rana ya miƙe, dare ya yi ya koma. Danshi ya bi tsagar ya shiga ƙarƙashi, ɓawon ya ɗago, ya tafi da duk fentin da aka shafa a kansa. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kumbura nesa ba kusa ba. Idan ta samu shiga tsakanin faranti biyu da aka ɗaure da noti, tana iya buɗa su har ta tsinke notin.

Mun san za a ce Kano ba Legas ba ce, babu iskar teku mai gishiri, kuma ruwan sama bai wuce na wata huɗu zuwa biyar ba. Haka ne. Ƙarfen da ke sarari, wanda iska ke busarwa da zarar ruwa ya ɗauke, yana daɗewa a ƙasarmu. Amma gada ba ta mutuwa daga inda ido ke gani. A je gindin ginshiƙin kowace tsohuwar gadar tsallaka titi a duƙa a duba. Ƙurar hunturu ta taru a kusurwa ta zama laka, ledar fiya-wata ta toshe ramin da ruwa zai bi ya fita, ga fitsarin masu fakewa da dare, ga tokar sharar da aka ƙona. Wannan tarin ba ya bushewa daga Yuni har Satumba. Idan aka sa sukundireba aka tona, sai ƙarfen ya riƙa ɓantarowa falle-falle, jajaye, alhali saman gadar yana ta sheƙi da sabon launi.

A yankunanmu kuma akwai ƙari. Ruwan masana'antun Sharada yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har zuwa madatsar Wasai. Aikin jima da ake yi a waɗannan yankuna yana cin gishiri mai yawa da sinadarin da ke zubar da gashin fata, shi ne mai tashin warin ruɓaɓɓen ƙwai da duk wanda ya ratsa Challawa ya sani. Tururin wannan ruwa yana tashi ya kwanta a cikin gada daga ƙasa, inda mai buroshi ba ya kaiwa. Ƙarfen da aka gitta a kan irin waɗannan magudanan yana cikin yanayin da ya fi kusa da na bakin teku fiye da na tsakiyar gari, kuma ya kamata a yi masa fentin da ya dace da haka.

KOKE-KOKENMU

Na farko, fentin bakin titi. Ga yadda ake yi. Ƙaramin ɗan kwangila ya sayo jan fenti na shimfiɗa da fentin mai irin na ƙofar gida. Saboda galan ɗaya ya yi aikin biyu, sai a tsinka shi da fetur ko kananzir. Yaro ya hau tsani da ɗan guntun sanfefa ya goge inda hannunsa ya kai, ya share da tsumma, ya fara shafawa. Tirela ta wuce ta tayar da ƙura, ƙurar ta manne a ɗanyen fenti. Da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfen ba ya taɓuwa, fentin yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kama. Da asubar damina kuma raɓa na kwance a jikin ƙarfe, a shafa a kanta. Bayan farantin da ya jingina da kankare, da cikin bututu, da ƙarƙashin matakala, babu wanda ya taɓa su kuma babu wanda zai sake taɓa su har abada, domin an riga an rufe su. Damina biyu ta isa jan ruwa ya fara zubowa a jikin ginshiƙi.

A masana'anta ba haka ake yi ba. Ana shigar da ƙarfen ɗaki a harbe shi da tsakuwar ƙarfe da iskar kwamfaresa har ɓawo da tsatsa su fita, ya koma fari-fari mai ɗan kaushi yadda fenti zai sami abin kamawa. Wannan matakin tsafta shi ne ƙa'idar ISO 8501 ta kira Sa 2½. Ana goge tartsatsin walda, a dakushe kaifin gefuna, domin fenti yana gudun kaifi. Cikin kimanin awa 4, kafin sabuwar tsatsa ta sauka, a fesa shafin farko mai ɗauke da garin tutiya. Amfanin tutiya shi ne ita ke ruɓewa a madadin ƙarfe, ko da an sami ƙarzuwa, kamar dai yadda kwanon rufi mai kyau ke shekara da shekaru a kan gida alhali ƙusar da ba a rufa mata ba ta daɗe da cinyewa. Sai shafi na biyu na efoksi mai kauri da ke hana ruwa ratsawa, sai na uku mai jure hasken rana. Ba a feshi idan danshin iska ya wuce kashi 85 cikin 100, ko idan ɗumin ƙarfen bai ɗara matakin saukar raɓa da digiri 3 ba. Jimillar kaurin shafin ukun yakan kai maikiron 240 zuwa 320, wato wajen rubu'in milimita ko sama da haka kaɗan, kuma akwai 'yar na'urar da ake ɗorawa a jiki ta faɗi kaurin nan take. Ƙananan kaya irin su makari da noti da matakala kuwa ana iya tsoma su ɗungurungum cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450. Abin da ya rage a wurin kafawa shi ne gyaran mahaɗa da inda sarƙar lodi ta ƙarza.

Na biyu, takardar kwangila ba ta fayyace komai. Abin da ke isowa hannunmu daga manyan 'yan kwangila sau da yawa layi ɗaya ne: a shafa fenti sau biyu. Ba a faɗi irin kankarewa ba, ba a faɗi irin fenti ba, ba a faɗi kauri ba, ba a faɗi shekarun da ake so ya yi ba. Alhali ƙa'idar ISO 12944 ta kasa wurare daki-daki gwargwadon yadda suke cin ƙarfe, daga C1 zuwa C5 da kuma CX, ta kuma kasa ƙarkon fenti: wanda bai wuce shekara 7 ba, da na 7 zuwa 15, da na 15 zuwa 25, da wanda ya haura 25. Idan takarda ta yi shiru, wanda ya yi lissafin aikin gaskiya shi ne ke faɗuwa, domin kuɗinsa ya fi na mai fetur da buroshi. A haka mai amana ke rasa aiki, a haka kuma yaranmu ke koyon cewa ha'inci ne ke biya.

Na uku, ba a aunawa, kuma wa'adin lamuni gajere ne. Ana karɓar fenti da ido, shi kuwa ido launi kawai yake gani. Wa'adin da ake riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila domin gyaran aibi galibi ba ya wuce shekara guda. Mugun fenti yana iya ɓoye aibinsa na wannan ɗan lokaci. Kafin ya tona asirin kansa an biya kowa an sallame shi, gyara ya dawo kan baitulmali.

Na huɗu, lafiyar masu aikin. Inda aka ce a kankare ƙarfe a fili, da yashin kogi ake yi, yaro ya ɗaure hanci da tsumma yana tsaye cikin farin hayaƙi. Ƙurar yashi tana daskarar da huhu, cuta ce da ba ta da magani, kuma saboda ita Ingila da wasu ƙasashe suka haramta kankare ƙarfe da yashi tun shekaru da dama. Haka nan tsofaffin gadoji da yawa an yi musu shimfiɗa da jan fenti mai dalma. Idan aka goge shi a bakin titi, garin yana sauka kan mai tallan abinci da mai wucewa. Arewa ta san dalma: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. A cikin rufaffen ɗaki ana iya tara ƙurar, a sake amfani da tsakuwar ƙarfen, ma'aikaci kuma ya sa hular da ke ba shi iska mai tsafta.

Na biyar, aikin yana wuce mu. Ana shimfiɗa layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614. Duk ayyuka ne masu cin ƙarfe, kuma masu su ba sa karɓar ƙarfen da ba shi da takardar shaidar kankarewa da auna fenti. Da yake kasuwar gida ba ta taɓa neman wannan daga gare mu ba, kaɗan ne cikinmu suka iya zuba jari a ɗakin kankarewa, sai aikin ya tafi wani wuri, alhali manyan rumfunan masana'antun da suka durƙushe suna nan a rufe a Bompai da Sharada. Ga kuma wuta. Kwamfaresa ba ta son wutar da ke ɗaukewa a tsakiyar feshi, kuma tun da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane ma'auni a Afrilun 2024, ƙaramin mai masana'anta yana tsakanin tsadar wuta da tsadar dizal.

Na shida, rashin kulawa bayan buɗewa. Fenti mafi tsada ma yana son a wanke shi, a buɗe masa hanyar ruwa. Amma ana liƙa fastoci da gam a jikin ginshiƙai, ana ƙona shara a gindinsu, wuta kuwa tana kashe fenti nan take. Makarin da tsatsa ta ci gindinsa kuma ba ya wa ɓarawon ƙarfe wuyar girgizawa.

ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

Ranka ya daɗe, ba tsoratarwa muke yi ba, tarihi ne. Ranar 15 ga Disamba 1967 gadar Silver da ke kan Kogin Ohio a Amurka ta rufta da motoci, mutum 46 suka mutu. Bincike ya gano wata 'yar tsaga ce a jikin ƙarfe guda, wadda tsatsa ta yi ta faɗaɗawa a inda ba a iya gani. Daga nan Amurka ta kafa dokar duba gadojinta a kai a kai, galibi duk shekara 2. Ranar 14 ga Agusta 2018 gadar Morandi ta birnin Genoa a Italiya ta karye, mutum 43 suka rasu, masu bincike suka sami wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita sun ruɓe a cikin kankare. Wanda ya fi kama da halin da muke kuka a kai shi ne na garin Morbi a jihar Gujarat ta Indiya. An rufe wata tsohuwar gadar ƙafa don gyara, aka sauya mata daɓe, aka buɗe ta ranar 26 ga Oktoba 2022 tana ƙyalli. Ranar 30 ga watan ta tsinke, mutum aƙalla 135 suka halaka. Kwamitin bincike ya ce cikin wayoyi 49 na igiyar da ta tsinke, 22 tsatsa ta riga ta ci su.

Akwai kuma misalin alheri. Gadar jirgin ƙasa ta Forth a Sikotland an buɗe ta tun 1890. Bayan fiye da ƙarni ana bin ta da buroshi, sai aka lulluɓe ta sashe-sashe don a samar mata yanayi irin na masana'anta, aka kankare ta har ƙarfe, aka fesa mata shafi uku. An ɗauki kimanin shekara 10, aka kammala a Disambar 2011, da sa ran ba za a sake ba sai bayan shekara 25. Kamfanin Sir William Arrol da ya gina ta shi ne ya gina tsohuwar gadar Makurdi a kan Kogin Binuwai, wadda aka buɗe a 1932 kuma tana nan tsaye. Mu ma a nan, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 muke zaune da gadojin ƙarfe. Ƙarfe yana kai shekara 100 idan an kare shi. Wani nazari da ƙungiyar masana tsatsa ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa na ci wa duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara, kuma ana iya tsirar da kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na wannan asara da dabarun da an riga an san su.

ABIN DA MUKE ROƘO

1. A fitar da umarni cewa duk ƙarfen gada, makari, matakala da hasumiya na aikin gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 44 sai an kankare shi an yi masa fenti ko an tsoma shi a tutiya a masana'anta kafin a kafa shi.

2. A ware fenti a matsayin aiki mai zaman kansa cikin takardar ƙididdigar kwangila, da matakin kankarewa, da sunan kowane shafi, da kaurinsa, da shekarun da ake so ya yi. Ƙarfen da zai gitta magudanan ruwan masana'antu a ba shi mataki mafi tsanani.

3. Kada a biya kuɗin fenti sai injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN ya zo masana'anta ya ga ƙarfen bayan kankarewa, ya auna kowane shafi, ya sa hannu. A sama wa injiniyoyin gwamnati na'urorin awon, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin gada.

4. A tsawaita lamunin fenti zuwa aƙalla shekara 5, a kuma rubuta a jikin kowace gada ranar da aka yi fentin da irinsa, domin mai gyara na gaba ya san abin da zai tarar.

5. A ƙirga gadojin ƙarfe na jihar, a duba su kafin damina da bayanta, a fara da gadojin ƙafa da 'yan makaranta ke hawa. A ɗora wa hukumar gyaran tituna ta KARMA da hukumar kwashe shara ta REMASAB aikin wanke gindinsu da buɗe hanyoyin ruwa, a hana ƙona shara da liƙa fastoci a jikinsu.

6. A hana kankare ƙarfe da yashi a fili, a kuma nemi hukumar kula da ingancin kaya ta SON da hukumar kare muhalli ta NESREA su riƙa gwada fentin kasuwa da na tsofaffin gadoji saboda dalma.

7. A taimaka a kafa ɗakin kankarewa da feshi na haɗin gwiwa, ko da guda ɗaya ne a farko, a ɗaya daga cikin rumfunan da ke rufe, inda ƙaramin mai walda zai kai kayansa ya biya haya. Muna roƙon a yi mana hanyar samun wuta tsayayya, ganin cewa tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Janairun 2023 tana nan a yankin Challawa.

8. A haɗa hannu da Asusun Horas da Ma'aikata na ITF, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, a horar da masu feshi da masu duba fenti har su sami takardar shaida.

9. Abin da ya shafi titunan tarayya da layin dogo, muna roƙon Mai Girma ya isar da kukanmu gaba, ya kuma tunatar da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018, wanda ya ce a fifita ƙwararrun gida a ayyukan injiniya.

ABIN DA MUKA ƊAUKAR WA KANMU

Ba mu zo da hannu ɗaya ba. Mun yarda a shigo rumfunanmu a duba ba tare da sanarwa ba. Mun yarda duk wanda aka kama cikinmu yana tsinka fenti ko yana shafa a kan tsatsa a cire sunansa daga masu samun aikin gwamnati. A shirye muke mu bi injiniyoyin ma'aikatar ayyuka kyauta mu nuna musu wuraren da tsatsa ke ɓuya, kuma idan ana son hujja, a ba mu ƙarfe biyu iri ɗaya, a yi wa ɗaya fentin bakin titi, ɗaya na masana'anta, a rataye su a kan rafin Salanta, a dawo bayan damina a duba.

Mun san fentin masana'anta zai ɗaga kuɗin aiki a ranar farko. Amma kuɗi ne da za a biya sau ɗaya cikin shekara 15 ko 20, maimakon a riƙa rufe titi ana kafa tsani duk bayan damina biyu, ƙarfen kuma yana ƙara sirancewa a ƙarƙashin kowane sabon shafi. Muna roƙon Mai Girma ya ba da umarni a zauna da wakilanmu tare da injiniyoyin ma'aikata kafin a sake ba da wata kwangilar ƙarfe, domin a rubuta waɗannan sharuɗɗa a cikinta.

Allah Ya taimaki Mai Girma, Ya ba shi mashawarta na gari, Ya kare jama'ar Kano daga kowane irin haɗari. Amin.



Naka masu biyayya,

Wakilan masu walda da haɗa ƙarfe, Sharada
Wakilan masu kankarewa da feshin fenti, Challawa
Wakilan ƙananan masu masana'antun ƙarfe, Bompai

Kwafi zuwa ga:
Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano
Mai Girma Kwamishinan Muhalli
Mai Girma Kwamishinan Ciniki da Masana'antu
Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, reshen Kano
Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya, rassan Kano